Zabirar Wanzami a Ƙofar Asibiti: Muhawara daga Fadamar Baturiya

Idan damina ta yi tsakiya, ruwan Kogin Haɗejiya da na reshensa da ya bi ta Kafin Hausa ya batse ya malala cikin fadama, mutumin Baturiya yakan daina lissafin nisan asibiti da kilomita. Abin da yake lissafawa shi ne ko akwai kwalekwale, ko ɗan acaɓa zai yarda ya shiga taɓo, da kuma abin da ya rage a aljihu bayan an sayi taki. Wannan dausayi na ƙaramar hukumar Kirikasamma ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, tsuntsaye kuma suna tasowa tun daga Turai su zo su yi hunturu a cikinsa. Tsuntsun Turai ya fi majinyacin wata rugar samun sauƙin isowa inda ya nufa. A ambaliyar 2022, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, garuruwa da dama na wannan yanki sun yi kwanaki a yanke.

A irin wannan hali, wanda zazzaɓi ya kayar ba ya fara ganin likita. Yana fara ganin tsohuwar gidan da za ta tafasa ganyen sabara ko na darbejiya, sai malamin da zai yi tofi ko ya ba da rubutu, sai mai kemis na bakin kasuwa. Wanda ya karye, maɗori ake kira. Jariri kuwa, ungozoma ce ta yanke masa cibi, wanzami ne zai yi masa askin suna. Saboda haka tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta a Abuja da Janeba, wato ko ya dace a shigar da maganin gargajiya cikin tsarin kiwon lafiya na hukuma, a Baturiya ta zo a makare. Masu maganin sun riga sun shiga rayuwar majinyaci. Abin da ya rage shi ne ko asibiti zai san da zamansu, ko zai ci gaba da yin kamar bai gan su ba.

Masu goyon baya suna fara kafa hujja da tarihi, kuma suna da abin faɗa. Magani a ƙasar Hausa bai jira zuwan Bature ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci, har da na musamman a kan basir da ciwon ido. Sarauta ma ta san da sana'ar: akwai Sarkin Aska, akwai Sarkin Ɗori, mutanen da jama'a suka sani, suka san gidajensu, suka san iyayensu. Duniya ita ma ta daɗe da sallamawa. Taron Alma-Ata na 1978 ya lissafa masu maganin gargajiya cikin waɗanda za a iya horarwa su taimaka a kiwon lafiya matakin farko. Nijeriya ta fitar da manufarta ta ƙasa kan maganin gargajiya a 2007, ta buga kundin tsirran magani a 2008, sannan a 2018 aka buɗe sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Kowace ranar 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka. A takarda dai an yi nisa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta maganin Niprisan, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi a shekara. A shekarun 1990 wani mai maganin gargajiya daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, ya kai wa Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja wani haɗi da yake ba masu sikila. Abin da ke cikinsa ba baƙo ba ne ga matar Bahaushe: masoro, kanumfari, ganyen wata dawa mai jan launi, sai itacen wata bishiya ta kurmi. Masana a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe suka auna shi, suka gwada gubarsa, suka gwada shi a kan majinyata, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Aka yi masa rajistar mallaka da sunan mai maganin a ciki, Amurka ma ta ba shi matsayin maganin cuta mai ƙarancin magani a 2003, aka ƙaddamar da shi a kasuwa a 2006 da sunan Nicosan.

Sai kamfanin da aka ba lasisin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna na shekaru, masu sikila suka koma inda suka fito. Kimiyya ta yi nata, kasuwanci da riƙon amana suka gaza. Kowane ɓangare na muhawarar yana ɗaukar rabin labarin nan da ya yi masa daɗi ya bar ɗaya rabin.

Akwai kuma misalin da ya fi shahara. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake rubutawa yau a asibitin Haɗejiya ya samo asali ne daga wani tsiro da Sinawa suka daɗe suna jiƙawa, dangin abin da ake kira tazargade a nan. Tu Youyou, matar da ta jagoranci fitar da sinadarinsa, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. A Gana, Dakta Oku Ampofo ya kafa cibiyar binciken tsirrai a Mampong a 1975, jami'ar Kumasi ta fara ba da digiri a fannin a 2001, kuma tun 2011 wasu asibitocin gwamnati suke da ɗakin maganin ganye, majinyaci ya zaɓi layin da zai bi. Masu goyon baya sai su ce, idan Gana ta iya, me ya hana Jigawa? Ga bagaruwa, ga marke, ga giyayya da aduwa a dajin Baturiya, ga kuma tsofaffin da suka san amfaninsu suna mutuwa da saninsu ba tare da kowa ya rubuta ba.

Nan ne likitoci kan gyara zama. Tazargaden ma da ake kafa hujja da shi, in ji su, hujjarmu ce. Abin da ya warkar da miliyoyin mutane sinadari ne da aka tace, aka san nauyinsa, aka haɗa shi da wani maganin don kada ƙwayar cutar ta saba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan shan jiƙon ganyen a matsayin maganin zazzaɓi, domin ƙarfinsa yana bambanta daga wannan gona zuwa waccan, kuma wanda ya sha kaɗan yana koya wa cutar yadda za ta kauce. A 2020, lokacin da Madagaska ta aiko da jiƙonta na korona ana ta murna, cibiyar nan ta Abuja da ta yi Niprisan ce ta auna shi ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da cutar ba. Ma'auni ɗaya, hukunci biyu.

A duba ranar kasuwa a kowane gari na masarautar Haɗejiya. Mota ce da lasifika a kanta, an jera gorunan ruwa da aka cika da tsimi mai launin ƙasa, babu kwanan wata, babu sunan abin da ke ciki. Mai tallan yana lissafa basir, sanyi, shawara, hawan jini, ciwon suga da raunin mazakuta, duk a gora guda, yana kuma furta kalmomin da uba ba zai so ya ji su a gaban 'yarsa ba. Idan aka tambaye shi adadin da za a sha, sai ya ce rabin kofi. Wane kofi? Wasu kwalaben suna ɗauke da lambar NAFDAC, mai saye kuma ya ɗauka hukuma ta tabbatar maganin yana aiki. Yawancin irin wannan lamba ta jerin wucin gadi ce, abin da take nufi shi ne an duba ba a ga guba a fili ba. Batun waraka kuwa, a jikin kwalbar ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, da Turanci, da ƙananan haruffa, ga mutumin da ajami kaɗai ya iya karantawa.

Wannan ya fi tayar da hankali a kwarin Haɗejiya fiye da wasu wurare. Daga Haɗejiya har zuwa Gashuwa ciwon ƙoda ya zama abin da gidaje da yawa suka sani, masana kuma suna ta bincike a kan ruwan sha, da magungunan feshi, da zafin rana, da sauransu. Kowane ne ya zama sanadi, likitan ƙoda zai gaya wa kowa cewa ƙodar da ta fara rauni ba ta son jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba. Adalci dai shi ne a ƙara da cewa ba ta son ƙwayoyin kashe ciwon jiki da manoma da masunta ke saye a kemis suna haɗiya kamar gyaɗa. Wannan laifin ba na mai ganye ba ne.

Sai kuma aska. Zabirar wanzami tana ɗauke da ƙaho, da aska, da 'yar tsaga, da ƙarfen cire beli. Ƙaho yana da gurbi a zuciyar Musulmi saboda ya zo a sunna, kuma idan kayan suna da tsabta haɗarinsa kaɗan ne. Amma aska ɗaya da ta bi ta kan mutum goma hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Cire belin jariri ɗan kwana bakwai yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, alhali belin ba ya hana shan nono. Yankan gishiri ya fi duka muni. Likitocin da suka yi aiki a kan yoyon fitsari a Zariya da Katsina sun lissafa shi cikin abubuwan da ke jawo lalurar, bayan doguwar naƙuda wadda ita ce babbar sila. Wanda yake son ganin ƙarshen irin wannan labari ya je Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take ɗinke mata tun 2008.

Wankan jego ma ya sha bincike. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta abin da ruwan zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai cike da gishiri. Bincike na baya-bayan nan a Kano, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta, ya nuna talauci da ƙarancin wani sinadari a jini su ma suna da hannu. Wato kakanni ba su ne kaɗai masu laifi ba. Duk da haka babu likitan zuciya da zai ba mai jego kofin kanwa.

Babban tsoron masu adawa, in an tace shi, jinkiri ne. A ɗauki manomin shinkafa da kububuwa ta sara a ƙafa lokacin da ruwa ya koro macizai tudu. An ɗaure ƙafar tamau, an tsaga wurin, an manna baƙin dutse, an ba shi abin da zai yi amai. Sau da yawa yakan tashi, domin ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma ba kullum yake zubawa ba. Mai magani ya samu suna. Ranar da dafin ya shiga da gaske, jini ya ƙi daskarewa, dasashi ya fara zuba, abin da zai cece shi allurar kashe dafi ce, irin wadda ake yi wa mutane a asibitin Kaltungo. Kwana biyun da aka yi ana tsaga da tofi su ne ake nema a rasa. Haka yaron da ke fitsarin jini: tsargiya ce, daga katantanwar da ke cikin ruwan da kacala ta toshe, ƙwayar da ke kashe tsutsar kuma kyauta ake rabawa a makarantu. Haka hannun da maɗori ya ɗaure da kara ya matse har jini ya daina gudu, aka kai shi asibitin Dala bayan ya yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa.

To, amma wannan hujja takobi ce mai kaifi biyu, kuma a nan ne masu adawa suka fi rauni. Idan jinkiri ne ke kisa, wa ke riƙe da majinyaci a sa'o'in farko? Mai maganin nan ne da ake cewa a kore shi. Korarsa daga bakin asibiti ba ta fitar da shi daga ƙauye, sai dai ta sa ya ɓoye majinyacinsa, shi kuma majinyacin ya ɓoye wa likita abin da ya sha. Kowace nas ta san wannan: a tambayi uwa ko ta ba yaro wani abu, ta rantse ba ta ba shi komai ba, ga kuma ɗacin sassaƙe a bakinsa. Ta ɓoye ne don ta san tsawa za a yi mata. Kuma rashin yarda da asibiti a Arewa yana da tushe da za a iya nunawa da yatsa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai da masu unguwanni, mutanen da jama'a suka riga suka yarda da su, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da cutar a 2020.

An ma gwada haɗin kan, ba zance ba ne kawai. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya a ƙauyen Aro na Abekuta wajen kula da masu taɓin hankali. A 2020 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan asibiti suke ziyartar majinyata a gidajen masu magani da na masu addu'a, suna ba da ƙwaya, suna sa ido. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. A Sakkwato an horar da wanzamai su riƙa tura masu jego kai jarirai rigakafi, tunda babu sunan da ake yi ba su sani ba. A lura da abu guda a misalan nan: ba a ɗauki jiƙon kowa an sa a kantin asibiti ba. Mutumin aka jawo, da amanar da jama'a suka ba shi.

Ungozoma ce ta fi nuna iyakar abin. Shekaru aka yi ana horar da ungozomomi a ƙasashe masu tasowa, aka raba musu almakashi da sabulu, amma mutuwar mata wajen haihuwa ba ta ragu yadda aka zata ba. Dalilin a fili yake. Jijjiga, da zubar jini, da ɗan da ya zo a gicciye, ba su da magani a ɗakin ƙasa komai ƙwarewar tsohuwa. Inda take da amfani shi ne ta gane alamar haɗari da wuri, ta ce a tashi, ta kuma raka. Maganarta tana shiga kunnen suruka fiye da ta yarinyar da ta fito daga makarantar koyon aikin jinya jiya.

Wani ɓangare da ba a cika tunawa ba shi ne dajin kansa. Duk wanda ya ga maɗacin da aka sassaƙe ta kowane gefe har ya bushe a tsaye ya san abin da kasuwa ke yi wa itace. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, ta yi ƙaranci a Arewa, masu nazarin tsuntsaye kuma suna lissafa cinikin sassan jikinta don tsubbu cikin manyan dalilai. Idan gwamnati ta buɗe wa sassaƙe kasuwar asibiti ba tare da an fara dasa itatuwan ba, gandun Baturiya, da masu itacen girki da masu faɗaɗa gona suka riga suka matsa masa, shi zai biya kuɗin.

Akwai kuma wani haɗari na siyasa da ya kamata mutanen fadama su yi hattara da shi. Yabon maganin gargajiya yana da arha. Ya fi sauƙi a shirya taro a raba wa masu magani takardun shaida, a kan a kai ungozomar asibiti ƙauye ta zauna, a sa firjin da zai riƙe allurar maciji, a gina hanyar da ruwa ba zai cinye ba. Babban mutumin da ke jawabi a kan hikimar kakanni, idan ƙirjinsa ya yi nauyi jirgin Alƙahira yake hawa. Talakan Kirikasamma ba ya shan sabara don ya fi son ta a kan ƙwaya a kowane hali, sau da yawa ita ce a kusa.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, ba su yi daidai ba, kuma ba su faɗi gefe guda ba. A kan magungunan kansu likitoci sun fi gaskiya: duk abin da zai shiga kantin asibiti ya bi hanyar da Niprisan ya bi, a san abin da ke cikinsa, a san adadinsa, a gwada shi, ko da sunan wane malami ko wane littafi aka jingina shi. Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamiɗo a Kafin Hausa ba su yi nisa da dajin ba, kuma mai maganin da ya ba da sirrinsa a rubuta sunansa a ba shi rabonsa. Cire beli da yankan gishiri ba su da wurin zama a teburin sulhu, hana su ya kamata a yi, da bakin Sarkin Aska kafin bakin ɗan sanda. A kan mutanen kuwa masu goyon baya ne suka yi nasara. Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da Masarautar Haɗejiya su san kowane wanzami, maɗori da ungozoma da ke Kirikasamma, Guri da Birniwa da sunansa, a ba shi reza mai amfani sau ɗaya, a koya masa alamomin da ba a kwana da su, a ba shi lambar wayar da za a ɗaga idan ya kira da tsakar dare. In ya rako majinyaci asibiti, a ba shi kujera, kada a tare shi da faɗa a bakin ƙofa.